Kawu Ga-shi-can da Sandunan Jikoki

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, da misalin ƙarfe biyar na yamma, bayan an shafa addu'ar arba'in ɗin Kawu Sule, mu huɗu muka rage a zaurensa da ke Kazaure. Akwai ɗan farinsa, Injiniya Nasiru, wanda ya zo daga Abuja da matarsa da 'ya'yansa uku. Akwai ƙanwar Injiniya, Hadiza, tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida. Akwai Alhaji Modu, Babarbaren nan da ya ƙarar da rayuwarsa yana tsokanar Kawu, kuma bai taɓa yarda rana ta faɗi bai gan shi ba. Sai ni, ɗan ƙanwar marigayin. Inna Dije, matar Kawu, tana ciki tana takaba, amma ƙofar a buɗe take, kuma kunnenta lafiya lau.

Abu biyu aka yanke a wurin. Na farko, Injiniya ya ce tunda na yi aikin rediyo, in rubuta wani abu a kan Baba a tura wa dangi, "mai ban dariya, kada ka sa mutane kuka." Na biyu, ya dubi kusurwar zauren, inda wasu sanduna uku suke jingine, ya share ido, ya ce gobe Lahadi da safe, kafin su kama hanya, zai kwashi yaran su hau dutsen Baba gaba ɗaya. Alhaji Modu ya ce, "Allah ya kai mu." Rufin zauren yake kallo lokacin da ya faɗa.

Ga na farkon. Na biyun zan zo kansa.

Duk wanda ya san Kawu ya san maganar da ake tsoro daga bakinsa: "Bari in ɗan taka muku." A ko'ina cikin ƙasar nan, idan baƙo ya tashi tafiya, mai gida yakan taka masa zuwa ƙofa, ko bakin layi. Baƙo ya ce, "A koma haka, na gode," mai gida ya koma. To Kawu ba ya komawa. Zai zura takalminsa na taya, ya ɗauki sanda, ya jero da kai yana hira. Kai kuma ta yaya za ka faɗa mota ka bar dattijo mai furfura yana maka magana a tsaye? Sai ka bi. Idan an zo inda ya kamata a yi sallama, sai ya turo leɓe gaba ya ce, "Zo ka ga wani abu. Ga shi can." Daga nan ya samo sunansa. Tsohon malamin daji ne, ya yi aiki a Roni, ya yi a Gwiwa, mahaifiyarsa kuma Bafillatana ce, saboda haka "ga shi can" ɗinsa ba ta da alaƙa da nisan da sauran mutane suka sani. Ranar Asabar ta fi haɗari, domin ita ce ranar baƙi, kuma ita ce ranar da ba shi da abin yi sai kai.

Hadiza, ki yi haƙuri, da ke zan fara. Ranar da aka zo neman aurenta daga Kano, wanda ya jagoranci tawagar wani Alhaji ne mai jiki, ya sha babbar riga ta shadda wadda sitaci ya sa take ƙara idan ya motsa, ga takalmi sau-ciki sabo fil. Aka yi magana, aka shafa fatiha, aka ci goro. Suka miƙe. Kawu ya miƙa hannu wajen sanda. Wallahi na ga Inna Dije ta dafe kai daga ciki.

Muka wuce motarsu. Muka wuce masallaci. Muka wuce gida na ƙarshe, aka shiga gonaki. Alhajin yana ta cewa, "Malam, a koma haka, an yi ɗawainiya." Kawu yana cewa, "Ai ba komai, ga shi can." Kafin a ankara ƙasa ta fara tashi sama, Alhaji ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya cire sau-ciki ya riƙe a hannu. Da muka kai kan dutsen, ya zube a gindin tsamiyar da ke wurin yana haki, ya ce, "Malam Sule, ina motarmu?"

Kawu ya nuna da sanda. "Ga ta can, kamar buzuzu. Ka ga ruwan dam? Ka ga yadda garin ya kwanta a tsakanin duwatsu? Wanda bai ga wannan ba ai bai zo Kazaure ba, wucewa ya yi."

Alhaji ya daɗe yana neman numfashi. Da ya samu ya ce, "Malam, don girman Allah, idan yarinyar ce ba ku son bayarwa, ai da kun faɗa mana tun a ƙasa."

An dai ba su yarinyar. Ga ta nan da 'ya'yanta.

Kawu yana da dokoki a kan fita. Motar haya ya yarda da ita iyakar tasha zuwa tasha. Acaɓa kuwa bai yarda da ita ba sam. Yakan ce, "Wanda ya hau babur bai je ba, kai shi aka yi." Ba a sayen ruwan roba, akwai gora. Ba a sayen abinci a hanya, domin a cewarsa daji kasuwa ce da ba ta da mai awo: ga magarya, ga kanya, ga goruba, kowanne da lokacinsa. Iyakar abin da yake fita da shi daga gida dambun Inna Dije ne a ƙulle cikin leda, ledar ma sai an dawo da ita an wanke.

Wata shekara aka turo wasu matasa 'yan Kudu masu hidimar ƙasa, suna koyarwa a wata makaranta kusa da unguwarmu. Suka yi kuskuren gaishe shi da Hausarsu ta koyo, kuma suka ƙara da cewa ba su da wurin zuwa a ƙarshen mako. Kai! Kamar ka ce wa kura ba ka da masauki. Asabar na zagayowa ya kwashe su sai Roni, ni ma ya haɗa da ni don tafinta. Muka sauka a tasha, 'yan acaɓa suka taso, ya kore su da sanda. Aka nausa cikin duwatsu. Da rana ta take, yunwa ta kama yaran, sai ya tsaya a gindin wata aduwa, ya kaɗo musu, ya nuna musu yadda ake ɓare ta a tsotsa. Ɗaci-ɗaci, zaƙi-zaƙi, ta yi musu daɗi. Suka cika aljihu, suna tafe suna sha. Ni na san halin aduwa, na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya ce, "Kai mai labarai, bar baƙi su san gari."

Sai da muka kai tsakiyar wani falalen dutse, fili fetal, babu ko ciyawar da za ta ɓoye ƙadangare, sannan aduwa ta fara aikinta. Na farko ya tsaya cak ya riƙe ciki. Na biyu ya fara kiran sunan mahaifiyarsa. Wani dogo a cikinsu ya zo gaban Kawu, gumi na zuba, ya haɗa duk Hausar da ya mallaka ya ce, "Baba, bayan gida, ina?"

Kawu ya duba gabas, ya duba yamma, ya turo leɓe. "Ga shi can."

Ban taɓa ganin mutum ya sauka daga dutse da irin wannan gudun ba. Da suka dawo a galabaice, Kawu ya ce in fassara musu: "Cewa na yi ku tsotsa, ban ce ku ƙoshi ba." Abin mamaki, Asabar ta gaba da kansu suka zo suka yi sallama a zaure. Har suka gama hidimarsu ba su fasa ba.

Alhaji Modu, kai ma ba za ka tsira ba. An gayyace su shi da Kawu ɗaurin aure a wani ƙauye arewa da Babura, Alhaji Modu ya tafi da wani surukinsa da ya zo masa baƙunta daga Maiduguri. Bayan an ɗaura, aka ci shinkafa, Kawu ya ce akwai wata tsohuwar rijiya da ya kamata baƙo ya gani kafin motar komawa ta cika. Alhaji Modu ya san halinsa sarai, amma kunyar suruki ta hana shi gardama. Suka bi ta cikin gero, suka bi ta cikin rairayi, har suka tarar da wata mai fura a gindin kuka. Suka zauna aka dama musu. Surukin ya miƙa mata naira, ta jujjuya ta, ta ce ita sefa ta fi so. A daidai lokacin wayarsa ta yi ƙara, ya duba, saƙo ne da Faransanci ana masa barka da zuwa.

Alhaji Modu ya miƙe tsaye, ludayi a hannu. "Sule! Kai Bafillatanin daji, bawana! Fitar da mu ka yi daga ƙasa?"

Kawu ya ci gaba da shan furarsa. "Ka ga wani layi a ƙasa da muka tsallaka? Gero iri ɗaya, kuka iri ɗaya. Iyaka ta masu mota ce."

"Ni da ko katin shaida ban ɗauko ba! Idan jandarma suka tare mu fa?"

"Wa zai tambaye ka takarda, Modu? Ga ta nan a rubuce a fuskarka tun ranar suna, layi-layi."

Rijiyar dai ba a gan ta ba. Kawu ya ce ta ɗan ƙara gaba kaɗan.

To, Injiniya, an yi dariya. Ni taubashinka ne, kai ɗan namiji, ni ɗan mace, al'ada ta ba ni bakin faɗa maka abin da wani ba zai faɗa ba. Saura labarin sandunan.

Mutumin nan ya hau da 'yan neman aure, ya hau da 'yan hidimar ƙasa, ya hau da ma'aikatan jinya da 'yan kwangila da wani mai gyaran injin niƙa da ya shigo tambayar hanya kawai. Abu ɗaya yake so wanda bai samu ba: ya hau dutsen nan da jikokinsa na Abuja, ko da sau ɗaya. Kuma ba shi da bakin nema. Injiniya ɗan fari ne. Kawu bai taɓa kiran sunansa ba, "mutumin Abuja" yake cewa. Bai taɓa buga masa waya da kansa ba, bai taɓa zama ya yi doguwar hira da shi ba. Inna Dije ma haka, ko fiye. Kunyar ɗan fari ke nan irin ta mutanen da, kuma a gidan nan ba a sassauta ta ba. Uban da ba zai iya faɗin sunanka ba, ta yaya zai ce maka, "Kawo mini yaran in fita da su"? Hanya ɗaya ta rage masa, ita ce rakiya. Rakiya ba roƙo ba ce, kowa ana yi masa.

Duk kaka, idan ganye ya fara bushewa, yakan shiga daji ya saro sanduna uku, ya fere su, ya kankare, ya gasa su a wuta su miƙe. Tsawon yaran kuwa kintata yake yi. Yakan tambaye ni, "Mai labarai, amaryar tawa yanzu ta kawo maka ina?" Babbar jikar yake nufi. In nuna masa ƙirjina ko kafaɗata, gwargwadon hoton da na gani. Shekara na zagayowa sai ya ce sun yi musu gajarta, ya ba yaran unguwa, ya saro sababbi.

Na taɓa kiran Injiniya na faɗa masa ɓaro-ɓaro. Ya ce, "Wallahi ina sane. Lokaci ne babu. Kuma ka san akwai macizai, yaran ba su saba ba." Saboda haka kada wani ya ce bai sani ba.

Shekarar da ta gabaci bara, bayan ɗaukewar damina, duwatsu sun yi shar, sai ga labari za su zo ranar Asabar da yaran duka. Kawu ya sa aka yi dambu har leda biyu. Ya wanke gora. Ya je shi kaɗai ya kakkaɓe ƙaya daga hanyar hawa. Suka iso kafin azahar. Abin da na fara lura da shi, direba bai ajiye motar a gindin darbejiya inda kowa yake ajiyewa ba. Ya yi baya da ita, ya yi gaba, har sai da ƙofarta ta yi daidai da ƙofar zaure, ko akuya ba za ta ratsa tsakani ba. Injiniya ne, ya auna.

Aka gaisa, aka ci abinci. Kawu ya tsokani jikar da amarya, ya ce wa mazan biyu sun zo ƙwace masa mata. Suka yi murmushi, suka dubi uwarsu ta fassara musu. La'asar na yi Injiniya ya ce za su koma su kwana a Kano. Kawu ya zura takalmin taya. Ya ɗauki sandarsa, ya haɗa da ukun nan a hannu ɗaya. Ya ce, yana kallon bango ba ɗansa ba, "Bari in ɗan taka muku."

"Baba, mun yafe. Ka huta. Ga motar nan a bakin ƙofa."

Gaskiya ne, ga ta nan. Daga tabarma zuwa kujerar mota babu inda za a taka. Kawu ya miƙa sandunan ta taga ya ce, "To ga na yaran." Matar Injiniya ta ce cikin ladabi, har da rusunawa, "Baba, a bar su a nan, za su tsone wa juna ido a mota." Aka ɗaga gilashi saboda sanyin mota kada ya fita.

Motar ta tashi a hankali, domin layin namu duk rami ne. Kawu ya bi ta a baya da ƙafa, sanduna huɗu a hannu, har bakin titi. Rakiya ai rakiya ce. Da ta hau kwalta ta ɓace, ya juyo ya gan ni. Ya ce, "Mai labarai, tunda an riga an fito."

Muka hau mu biyu. A gindin tsamiyar nan, kullum yakan zaunar da baƙi suna fuskantar dam, shi kuma ya ba ruwan baya ya fuskanci titin Kano. Na sha ganin haka, ban taɓa tambayarsa dalili ba. Ranar ma haka ya zauna. Muka ci leda ɗaya, ɗayar ya ba wasu makiyaya da suka biyo da shanu.

Bayan wasu watanni Hadiza ta zo gida. Da zuciya ɗaya ta miƙa masa waya ta ce, "Baba, ka ga Yaya a kan dutse!" Ashe a Abuja akwai ƙungiyar masu hawa dutse duk Asabar don motsa jiki, kuma Injiniya ya shiga da iyalinsa. Ga su nan a hoto su biyar, riga iri ɗaya, takalma masu kauri, kowa da sandar ƙarfe biyu, ga jaka a baya da wani tiyo na shan ruwa ya zagayo har baki. Suna dariya, gari ya kwanta a ƙarƙashinsu.

Kawu ya nesanta wayar da idonsa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Sandar ƙarfe ce wannan?"

"E, Baba, naɗe ta ake yi a sa a jaka."

"Allah ya sa ta san hanya. Wannan na gaba mai jar hula fa, wane ne?"

"Jagoransu ne. Ɗaukarsa suke yi ya riƙa nuna musu wurare."

"Har ƙaramin ma ya hau?"

"Har shi, Baba. Wai shi ne ma yake riga kowa kaiwa."

Ya miƙa mata wayar. Ya ce, "Madalla. Ashe ba dutsen suka ƙi ba."

Bai sake tayar da maganar ba. Amma da kaka ta zo ya shiga daji ya saro uku. Su ne waɗanda Injiniya ya gani a kusurwa ya share ido.

Kawu ya rasu ranar wata Litinin da hantsi, bayan gajeriyar jinya, aka binne shi bayan azahar. Injiniya bai riski jana'iza ba, wannan kuma babu laifinsa, Abuja ba nan kusa ba ce. Mutane sun zo daga Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Makiyaya sun bar shanu sun zo. Alhajin nan na Kano da ya taɓa riƙe sau-ciki a hannu, yanzu ya tsufa ƙwarai, aka ce ya shiga mota zuwa maƙabarta, ya ƙi. Ya ce mutumin da ya taka masa har kan dutse, shi ba zai raka shi a zaune ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sule. Allah ya yafe masa ƙafafun bayinsa da ya gajiyar, ya saka masa da abin da ya nuna musu. Ya Allah, bawanka bai taɓa barin baƙo ya fita shi kaɗai ba, kada ka bar shi shi kaɗai. Ka yalwata masa makwanci, ka sa abin da yake hange ya zo masa kusa. Amin.

Saura abu na biyu da aka yanke a zaure. Ranar Lahadi, Inna Dije ta yi sammako ta turara dambu. Ni da Alhaji Modu muka iso da ƙarfe bakwai, shi da ciwon ƙafarsa, sanye da takalmin motsa jiki da ya aro wajen ɗansa. Muka tarar da ƙofar zaure fayau. Motar ta tashi tun da aka idar da sallar asuba. Injiniya ya bar mini saƙo a waya cewa akwai taro ranar Litinin, a yi haƙuri, sai hutu mai zuwa in Allah ya yarda.

Inna Dije ba ta ce komai ba, ɗan fari ne. Da la'asar ta aiko Hadiza ta shigar mata da sandunan uku. Da su aka hura wutar da aka tuƙa tuwon ranar.